Rabon Dogo

Talata, da yamma

Auta ya dawo.

Wani mai motar itace ne ya tsince shi a bakin titi, ya kawo shi har ƙofar gida, ya juya ko ruwa bai tsaya sha ba. Ina shagon wanki, hannuna a kan dutsen guga, maƙwabciyarmu ta kira ni. Ban san yadda na kashe wuta ba, ban san yadda na iso ba.

Ƙanena ne, ni na goye shi, amma da a kasuwa na gan shi da na wuce abina. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo, gashi ya cukurkuɗe, jikinsa zafi rau. Rigar da ke jikinsa ba ita ya fita da ita ba. Inna ta zauna daɓas a ƙasa ta riƙe ƙafarsa, kukan ma ya ƙi zuwa. 'Yata, wadda muke kira Aku saboda bakinta ba ya hutawa, ta laɓe a bayan ƙofa ta yi tsit.

Tun ranar da suka tafi aikin haɗa famfo a wani gari, shi da abokin aikinsa Dogo, aka tare motarsu a hanya, ba mu sake jin muryarsa ba. Watanni ke nan. Shi kaɗai aka tsinta. Ban tambaye shi komai ba.

Laraba, bayan mun dawo daga asibiti

Likita ya ɗaga rigarsa ya ga jajayen ɗigo-ɗigo a ciki da baya, ya duba ɗinkin rigar, ya dube ni. Sun ɗebi jini. Ya ce zazzaɓi ne irin wanda ƙwarƙwatar tufafi ke kawowa inda aka cunkushe mutane ba wanka ba wanki, kuma yana kisa in an yi sake, amma yana jin magani. Ya so ya kwantar da shi. Auta na ganin ɗakin da ƙofarsa ta ƙarfe ya fara ja da baya. Likita ya ce to a kai shi gida, muddin akwai mai sa ido.

Mai ba da magani wata mace ce mai tabarau, ba ta da fara'a amma ba ta da gaggawa. Ta ce sunan maganin tetirasaikilin. Kafso ne, rabi ja rabi rawaya, na sha ganinsa a hannun masu talla. Kafin ta miƙo min sai da ta tambaya ko akwai mai ciki a gidan, ko ƙaramin yaro. Na ce akwai Aku, shekararta shida. Ta ce in ɗora shi inda hannunta ba zai kai ba, domin yana ɓata haƙoran yara, ya mai da su ruwan ƙasa har girmansu. Sau huɗu a rana, ta ce, cikinsa babu abinci: ko awa guda kafin ya ci, ko awa biyu bayan ya ci. Da cikakken kofin ruwa, a zaune, kada ya kwanta nan take. Ba madara kusa da lokacin shansa. Kada ya zauna a rana. Kuma ko ya ji garau, sai ya shanye duka.

Na ce mata mutumin da yunwa ta yi wa haka ne zan hana abinci? Ta cire tabarau ta ce ba hana shi za ki yi ba, jinkirta masa za ki yi, kuma na san ba sauƙi.

Alhamis, da hantsi

Na tafasa duk abin da ya taɓa, na bi kowane ɗinki da dutsen guga, don a nan ƙwarƙwatar ke ɓuya. Mai aski ya zo gida ya yi masa tas. Rigar kuwa na ƙona ta a bayan gida. Ya tsaya yana kallo har ta cinye.

Kafson farko da na ba shi, kafin in miƙa ruwa ya haɗiye shi haka nan a bushe, ya juya zai kwanta. Na tashe shi na ce ya sha. Ya kurɓa sau ɗaya ya rufe kofin da tafin hannu ya tura shi ƙarƙashin gado. Na ce Auta, famfo na nan, kai ka haɗa shi da hannunka, shanye. Ya daɗe yana kallona kafin ya shanye.

Alhamis, da yamma

Na sami gutsuren burodi a cikin rigar matashinsa. Na mayar yadda na same shi.

Juma'a, da rana

Mun yi da Inna.

Na shigo na tarar ta dama madara mai kauri a babban kofi, ga kafso a ɗaya hannun, wai ya kora da ita don kada maganin ya ci masa hanji. Na karɓe kofin. Ta ce tun kafin a haife ni take jinyar mutane. Na ce madarar tana riƙe maganin a ciki ta hana shi shiga jini, ya zama kamar bai sha ba, ta bari sai an jima sosai. Ta ce ita ba ta taɓa jin inda madara ta zama guba ba sai a bakin 'yan boko. Na ce ni mai guga ce ba 'yar boko ba. Aku ta ce ita za ta taimaka ta shanye don kada a yi asara. Inna ta ce da ita ke kuma kwaɗayayya, gado kika yi wurin kakanki. Sai da muka ɗan murmusa.

Abin da ya fi min ciwo shi ne awar nan ta jira. Yakan zauna a bakin ƙofar ɗakin girki, idonsa a kan tukunya, hannunsa a kan gwiwa. Ba ya roƙo. Yau dai ya ɗago ya ce, "Yaya, da saura?"

Maganarsa ta farko ke nan tun da ya dawo. Na duba agogo na ce da saura kaɗan. Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada su ji ni.

Asabar, da la'asar

Matar Dogo ta zo. Ba ta shigo ba, a bakin ƙofa ta tsaya da goyonta. Ta yi mana barka, ta tambayi mai jiki. Ba ta ambaci mijinta ba, ni ma ban ambata ba. Na ce yana barci.

Ba barci yake ba.

Lahadi, da safe

Zazzaɓin ya sauka. Ya ci ƙwai biyu da shinkafa, ya yi wanka da kansa. Inna ta ce ai ga shi nan ya warke, a bar yaro ya huta da haɗiye-haɗiye. Na ce sai ya ƙare. Ta ce kamar ni na haife shi.

Litinin, da yamma

Na koma aiki, don mai shagon ya yi haƙuri iyakar nasa, kaya sun taru har rufi. Maganin asuba da na bayan isha ni nake ba shi. Na rana da na la'asar na bar wa Inna a cikin 'yar kwalba a saman kabad, na nuna mata a agogo.

A shago kowa da tambayarsa. Su wane ne, a ina, an biya ne, ya aka yi ya kuɓuta, ina ɗayan. Wata mai kawo labule har da jawo kujera ta zauna. Na ce ban sani ba. Suna gani kamar ɓoyewa nake. Na ƙona wuyan rigar wani, abin da rabona da yi tun ina koyo.

Laraba, da yamma

Na dawo na same shi a tsakiyar tsakar gida, ba riga, ba hula, kansa a ɗage, ido a rufe. Inna ta ce tun hantsi yake nan, jiya ma haka, ta yi magana ta gaji. Kafaɗunsa da ƙeyarsa da ƙoƙon kansa sun yi jawur, goshinsa har ya fara tashi ƙananan ƙuraje masu ruwa. Mutumin da ya yi shekaru yana haƙa ramin bututu a rana ko a jikinsa. Maganin ne yake sa fata ta kasa jure rana, an gaya min, ni ce na yi zaton mara lafiya ɗaki zai zauna.

Na yi masa faɗa fiye da yadda ya kamata. Na ce so yake ya kashe ni da raina, na ce ina can ina shan tururi saboda shi yana nan yana gasa kansa. Ya bari na gama.

Ya ce, "Can babu taga."

Na jiƙa tawul da ruwan sanyi na ɗora masa.

Alhamis, da safe

Na aro tsohon zanin gado daga shago na ɗaura shi daga igiyar shanya zuwa tagar Inna. Mun yi yarjejeniya: ranar sassafe tasa ce, da ta gab da magariba. Sauran wunin yana waje amma a inuwa, da riga mai dogon hannu da hula. Ya gyaɗa kai. Aku ta shimfiɗa tabarmarta a gefensa ta ce ita ce mai gadin Kawu, duk wanda ya fita inuwa za ta kai ƙara.

Juma'a, da yamma

Ƙanwar Inna ta zo dubiya da kwalbar maganin ƙarin jini. Ta ce yaron nan ba jini a jikinsa, a riƙa ba shi tare da kafson. Na kira mai tabarau, don ta ba ni lambarta. Ta ce shi ma kamar madara ne, da shi da farin ruwan maganin ƙwannafi, duk suna kashe masa ƙarfi in aka haɗa. In ba dole ba a ajiye sai ya gama. Ƙanwar Inna ta tafi tana cewa gidan nan yanzu sai an nemi izinina kafin a yi atishawa.

Matar Dogo ta sake zuwa. Na ce ya shiga wanka.

Asabar, da la'asar

Yana ɗan magana da Aku. Na ji tana koya masa waƙar makaranta, yana kuskurewa da gangan tana gyara masa. Da na matso sai ya yi shiru.

Lahadi, da yamma

Bai ci na rana ba. Ya ce kansa ne.

Litinin, da asuba

Zafin ya dawo. Na taɓa goshinsa na janye hannu. Haƙoransa na kaɗawa, ya lulluɓa da bargo biyu. Na duba kwalba, adadin da ya kamata ya rage shi ya rage. Inna ta rantse ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba, kuma ba ta ba shi madara sai da daddare. Na yarda da ita. To mene ne?

Ban je aiki ba.

Litinin, da la'asar

Bari in rubuta.

Ina wanke-wanke Aku ta shigo tana tofar da yawu tana goge harshe da gefen riga, wai alewar Kawu ɗaci gare ta. Leɓenta da garin rawaya. A hannunta wata safa ce ƙulle. Na kwance. Kafso ne a ciki fal, wasu lafiyayyu, wasu sun yi laushi sun manne da juna, launinsu ya zube, irin wanda aka riƙe a baki aka fito da shi. A cikin tsohon takalminsa na aiki ta samo.

Na saɓe ta a kafaɗa, ko mayafin kirki ban ɗauka ba, sai asibiti. Mai tabarau ta tambaye ta nawa ta ci. Aku ta ce ɗaya ta buɗe ta lasa ta tofar, ita ba mahaukaciya ba ce da za ta ƙara. Aka duba ta, aka ba ta ruwa. Matar ta ce lasa ɗaya ba abin da zai yi mata, wanda ake ɗora yaro a kai kwana da kwanaki shi ke taɓa haƙori da ƙashi. Sai a lokacin na zauna a benci.

Ta zazzage safar a kan tebur ta dube su. Ta ce shi ya sa zazzaɓin ya dawo. Ciwon ya kwanta ne bai mutu ba, da aka sassauta masa ya tashi. Waɗannan kuma zubar da su za a yi, domin irin wannan maganin in ya lalace ko ya tsufa ƙoda yake taɓawa. Ta ce in kawo shi gobe likita ya sake gani. Ba ta tambaye ni dalilin da ya sa yake ɓoyewa ba.

Talata, da safe, kafin mu fita

Na zauna a bakin gadonsa na ajiye safar babu komai a ciki. Ya kalle ta, ya kalle ni. Ya tashi zaune da irin ƙarfin da ban san yana da shi ba, ya ce ina suke. Na ce an zubar. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Na ɗauka dukana zai yi. Sai ya sunkuya ya dafe kai.

"Na Dogo ne," ya ce. "Rabi nawa, rabi nasa. Haka muke yi da komai."

Na ce Dogo ba shi da lafiya ne? Ya kawar da kai. Na ce ta ina za ka kai masa? Bai amsa ba. Wataƙila shi ma bai sani ba.

Na gaya masa abin da na iya. Na ce rabi ba ya warkar da kowa, kai bai warkar da kai ba, shi ma ba zai warkar da shi ba. Na ce ranar da Dogo ya fito, ni da kaina zan kai shi wurin likitan nan a duba shi, a ba shi nasa cikakke, sabo, ba wanda ya kwana a takalmi ba. Na ce amma sai ya same ka da rai. Ya ce in rantse. Na rantse.

Talata, da yamma

An sake ɗibar jini, an sake farawa daga farko. Likita ya ce da mun ƙara kwana biyu da labarin ya canza. Ya ce in ya fara ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko gudawa mai yawa, in dawo da shi ba jira.

Yanzu duka huɗun ni nake ba shi. Na roƙi mai shago in riƙa fita da rana da la'asar ina dawowa, in rama da yamma. Ina ba shi, ya sha ruwa, ya buɗe baki ya ɗaga harshe in duba, kamar ƙaramin yaro. Ɗazu da na ce ya buɗe sai ya ce, "Su ma haka suke cewa." Na duba duk da haka.

Laraba, da rana

Inna ba ta yi min magana a kan madara ba yau. Ita da kanta take kallon agogo. Ta ce wai duk kwanakin nan tana miƙa masa kafson yana cewa na gode Inna, ashe a kumatu yake ajiyewa. Ta faɗa tana son yin dariya, ta ɓuge da share ido.

Kwalbar tana cikin jakata yanzu, duk inda na je.

Juma'a, da yamma

Zafin ya fara sauka. Fatar kafaɗunsa na saɓulewa. Aku ta ce Kawu ya zama maciji.

Asabar, da la'asar

Matar Dogo ta zo, na buɗe baki zan faɗi abin da na saba, sai na ji shi a bayana. Ya dafa bango ya fito. Ya gaishe ta, ya taɓa kan yaron da ke bayanta, wanda aka haifa ba sa nan. Ta tsaya tana jira. Ya ce ya baro Dogo a kan ƙafafunsa, yana tafiya, yana magana, har yana tsokanar mutane yadda ya saba. Ta ce Alhamdu lillahi, ta maimaita, ta maimaita. Ta tafi tana sauri, za ta kai wa surukarta labari.

Da na rufe ƙofa ya tsuguna a wurin ya yi amai. Lokacin maganinsa bai yi ba, don haka ba asara. Abin da na fara tunani ke nan, Allah ya yafe min.

Litinin, da safe

Ba komai. Ya sha, ya ci, ya zauna a inuwa.

Laraba, da rana

Ana ta magana a shago cewa an sako wasu cikin waɗanda aka kama, an gan su a babban asibiti. Na ajiye dutsen guga na fita waje na tsaya. Ban san abin da nake fata ba. Da na je ba shi na rana ban gaya masa ba, amma na ga ya riga ya ji, ya sa takalmi yana zaune a bakin ƙofa.

Alhamis, da yamma

Wani dattijo ya zo, cikin waɗanda aka sako, ɗansa na riƙe da shi. Kansa a aske kamar na Auta, idonsa irin na Auta. Ba su gaisa ba, suka kama hannun juna kawai. Suka zauna ƙarƙashin zanin gadon. Na ja Aku ɗaki.

Bai daɗe ba ya tafi. Na fito na tarar Auta na zaune yadda aka bar shi. Inna ce ta tambaya. Ya ce Dogo ya rasu, kwana biyu bayan fitowar shi Auta.

Wato tun kafin ya fara tara masa.

Lokacin na bayan isha ya yi. Na tsaya da kofi a hannu, na rasa yadda zan yi in ce wa mutum a irin wannan rana buɗe bakinka. Ya miƙo hannu ya karɓa, ya sha, ya shanye ruwan. Ban duba ba. Ya zauna a jingine har lokacin kwanciya ya yi.

Juma'a, da safe

Ya sha.

Asabar, da yamma

Mun je gaisuwa gidan su Dogo, ni da shi. Na sa shi ya sa hula da riga mai dogon hannu, muka bi gefen da ke da inuwa. Gidan cike. Mahaifiyar Dogo ta sa aka shigo da shi har ɗaki, ta riƙe fuskarsa da hannu biyu, ta ce ɗaya ya dawo mata. Matar tana gefe, ba ta ɗago ba. Na kasa kallonta, saboda barcin da wankan da na yi ta ƙirƙira mata a bakin ƙofa.

Da muka fito muna jiran mota a bakin titi, ba tare da na tambaya ba ya fara magana, idonsa a kan kwalta. Ya ce zazzaɓin tare ya kama su, kwana ɗaya. Ya ce mutanen da suka tsare su ba sa son gawa a wurin, in suka ga wanda ya kusa sai su ɗauke shi su yar a hanya. Ranar da suka shigo dubawa, su biyun suna kwance. Dogo ya ji tafiyarsu ya miƙe tsaye, ya goge fuska, ya fara yi musu surutu, ya ce shi lafiyarsa ƙalau, wannan ne dai ba zai kai gobe ba, gara su fitar da shi kafin ya yi musu wari. Suka ce to ɗauko shi. Dogo ya goya shi har mota.

"Ban yi wa matarsa ƙarya ba, a tsaye na bar shi," ya ce. "Amma Yaya, bayansa ya fi jikina zafi. Ina ji. Ban ce komai ba."

Na ce ba ka cikin hayyacinka. Ya ce yana ciki.

Mota ta zo muka shiga.

Litinin, da rana

Na faɗa wa Inna rabi. Sauran na bar shi.

Laraba, da yamma

Kafson ƙarshe ya shiga yau da la'asar. Mun koma asibiti, likita ya duba ya ce ciwon ya tafi, jini ya yi kyau, ya ci duk abin da yake so. Mai tabarau ta ce ya ƙara 'yan kwanaki yana kaffa-kaffa da rana kafin fatar ta koma daidai. Ta ce min sannu da ƙoƙari. Na ce yauwa.

Inna ta dama masa madara, ya sha rabi ya ba Aku sauran.

Asabar, da hantsi

Wani mai gini ya aiko tun shekaranjiya yana neman mai haɗa famfo. Na ce wa Auta ya bari ya ƙara ƙarfi, ya ce zaman ya ishe shi. Yau da sassafe ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya fita.

Ɗazu ina shago, na ɗaga kai daga kan guga, na hango shi ta ƙofa a ɗaya gefen titi. Ya sayo dogon bututun ƙarfe, irin wanda mutum biyu ke ɗauka, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Ya saɓa gaban a kafaɗa, bayan yana jan ƙasa yana ƙara a kan kwalta, mutane na kaucewa. Wani saurayi ya sunkuya zai ɗaga masa, ya juyo ya girgiza kai. Saurayin ya saki.

Na tsaya a bakin ƙofa har ya sha kwana. Bayan na daina ganinsa ma ina jin ƙarar.